Fitilar Kwaɗin Baba Ezekiyel

"Ai shi ya sa nake tambaya, Baba," in ji Malam Suhaibu, yana jujjuya kwan fitilar a hannunsa. "Kwan nan lafiyarsa ƙalau. Dubi zarensa, ko girgiza bai yi ba. Me ya yi maka?"

"Zafi gare shi."

"Zafi! To ai zafin ka saya. Duk masu kajin Gyallesu shi suke ɗauka a wurina. Kwai ne da ko a tsakiyar hunturu 'yan tsaki sai sun roƙi fifita."

Baba Ezekiyel bai yi dariya ba. Yana tsaye a bakin shagon kayan wutar, a gefen babban titin Tudun Wada, ya kama hularsa da hannu biyu kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Malam Suhaibu ya lura da haka, sai ya sassauta murya.

"An yi asara ke nan? Nawa suka mutu?"

"Biyu."

"Cikin nawa?"

"Biyar."

"Biyar kacal? Haba Baba! Wa ke kunna kwai saboda tsaki biyar? Ai kwando da tsumma sun ishe su."

Dattijon ya dubi titi, ya dubi Gwadabe mai shayi da ke wanke kofuna a jikin shagon, ya sake duban hularsa. Maganar tana bakinsa, amma ta ƙi fita. Ya daɗe yana riƙe da ita, har ta yi masa nauyi.

A wajen Wusasa aka haife shi. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma yana da tsabta da sanyin hannu, don haka aka ɗauke shi aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makarantar 'yan mata. Nan ya ƙare ƙuruciyarsa, yana wanke kwalabe, yana goge tebura, yana jera kayan aiki kafin malamai su shigo. Duk shekara in jarrabawa ta matso, sai a ba shi bokiti a ce ya gangara fadamar Kubanni ya kamo kwaɗi, ɗalibai su feɗe su ga yadda cikinsu yake. Ya kamo, ya jera musu a kan katako, in sun gama ya kwashe ya binne. Aiki ne. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, shi kuma ya roƙi wani tsohon akwatin gilashi mai tsaga a kusurwa da makarantar ke shirin zubarwa. Bai san me zai yi da shi ba. Matarsa Keziya ce ta samo masa aiki, ta mai da shi ma'ajiyar albasa.

Keziya mace ce mai surutu. In tana ɗaki tana magana da shi, in tana tsakar gida tana magana da tukunya, in babu kowa ta ɗauki waƙar coci. Shi kuwa mai saurare ne, kuma haka zaman ya yi musu daɗi. Tana da wata shuka mai yaɗo a cikin tsohon gwangwanin madara a bakin taga, ganyenta kore shar mai ɗigon fari. A gidan wata ƙawarta ta karyo reshen, ba ta san sunanta ba, sai ta sa mata 'Yar Wusasa. Da ita ma takan yi hira in tana ba ta ruwa.

Da damina Keziya ta rasu. Aka cika gida, aka yi addu'o'i, aka ci shinkafa, aka watse. 'Yarsu Judith ta koma aikin jinyarta a Jos, ɗansu Godfrey ya koma Fatakwal. Aka bar Baba Ezekiyel da ɗaki biyu da agogon bango. Bai taɓa sanin agogon na da ƙara haka ba.

Yakan zuba wa 'Yar Wusasa ruwa kowace safiya, ba don ya iya shuka ba, sai don kada ta mutu a hannunsa. Wata safiya ya ga wani abu maƙale a bayan ganye: ɗan kwaɗo ne kore, bai fi kan babban yatsa ba, irin masu hawa ciyawar bakin rafi. Ya ƙyale shi. Da magariba, yana zaune da kwanon tuwon da ya sayo, sai abin ya yi kuka, siririn sauti kamar an ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin gilashi. Ya ajiye loma. Tun bayan rasuwar Keziya, wannan ne sautin rai na farko da ya ji a ɗakin wanda ba shi ya yi shi ba.

Ya san in ruwa ya ɗauke kwaɗon zai ɓace. Sai ya zazzage ragowar ɓawon albasa daga akwatin gilashin, ya liƙe tsagar, ya shimfiɗa tsakuwa, ya bi da gawayi, ya zuba baƙar ƙasa daga gindin rijiya. Ya kankaro gansakuka daga ƙarƙashin randa ya jera. Ya binne fasasshen kasko ya zama tafki, ya sa kainuwa a ciki. A tsakiya ya dasa 'Yar Wusasa, ya rufe saman da yankin gidan sauro. Bayan haka ya gangara Kubanni, wurin da ya saba zuwa da bokiti, wannan karon da ɗan gwangwani mai huji a murfi, ya samo wa baƙonsa abokan zama. Abincinsu gara ce da yake tonowa a bakin tsohon layin dogo, da ƙananan ƙudajen da ke taruwa a kan ɓawon ayaba. Akwatin yana ƙarƙashin taga, hantsi na shigo masa, shukar ta yi ta yaɗo har ta cika shi. Rani ya zo, kwaɗin gari duk suka yi shiru, na ɗakinsa suna yi masa kuka bayan ya yayyafa musu ruwa da yamma.

Sai dai a Tudun Wada ana kiwon tattabaru, ana kiwon zomaye, har tarwaɗa ana kiwo a tanki, amma ba a kiwon kwaɗo. Kwaɗo in an tsince shi a ɗakin mutum, tambayar farko ita ce wa ya turo shi. Da Judith ta zo Kirsimeti ta ga akwatin, sai ta ja ƙofa ta rufe.

"Baba, don girman Allah kada mutanen coci su ji. Za su ce tun da Mama ta tafi ka shiga wani abu."

"Wane abu?"

"Kai ma ka sani."

Ya sani. Daga ranar, in aka yi sallama sai ya lulluɓe akwatin da tsohon zanen Keziya kafin ya amsa. Da ya ga hakan ma wahala ne, sai ya fitar da benci ƙofar gida, ya riƙa tarar baƙi a can. Baƙon da ba a ce masa ya shigo ba kuwa ba ya daɗewa, kuma ba ya yawan dawowa. A hankali bencin ma ya zama na shi kaɗai.

Bara maƙwabcinsa ya sayar da filin da ke bayan ɗakin. Wanda ya saya ya tayar da bene na hayar ɗalibai, bangonsa kamu biyu daga tagar Baba Ezekiyel. Hantsi ya daina shigowa. Ɗakin ya zama kamar kullum ana shirin magariba. Kainuwa ce ta fara ruɓewa, gansakuka ta bi ta koma ruwan ƙasa. 'Yar Wusasa ta riƙa miƙa dogayen rassa sirara zuwa tagar da babu komai a cikinta, sababbin ganyenta ƙanana, fatau kamar mai ciwon shawara. In ta mutu kwaɗin ba su da wurin fakewa, kuma abu na ƙarshe da hannun Keziya ya dasa ya tafi ke nan. Fitar da akwatin tsakar gida ba zai yiwu ba: ya yi masa nauyi, tsagar na iya buɗewa, ga ɗalibai a saman bene suna hango komai. Ya gwada fitilar caji, ba ta kai azahar take mutuwa.

Shi ne makon jiya ya zo wurin Malam Suhaibu, ya ce yana son kwai mai araha saboda wasu 'yan halittu da yake kiwo a ɗaki. Malam Suhaibu bai ƙara tambaya ba. A garin nan in dattijo mai ritaya ya ce yana kiwo a ɗaki, kaji ne. Ya miƙo masa babban kwan ɗumama 'yan tsaki. Baba Ezekiyel ya rataya shi dab da murfin akwatin ranar Lahadi da safe, ya tafi sujada. Wutar da ba ta saba wuni ba, ranar ta wuni. Daga sujada aka zarce taron mazaje. Da ya dawo da la'asar, gilashin ya yi zafi kamar bangon gidan burodi, ganyen sama sun ƙone sun nannaɗe, kwaɗi biyu sun bushe a jikin gilashi. Sauran ukun sun shige ƙarƙashin kasko. Ya binne biyun a gindin lemun tsami, da irin hannun da ya saba binne na makaranta, amma wannan karon sai da ya zauna a ƙasa ya huta kafin ya iya tashi. Tun ranar ɗakin bai sake yin kuka ba.

"Baba?" in ji Malam Suhaibu. "Ko talo-talo ne? Su kam ba sa son zafi da yawa."

In ya sake yin ƙumbiya-ƙumbiya, za a sake ba shi kwan da bai dace ba, kuma ukun da suka rage ba za su jure kuskure na biyu ba. Ya sa hularsa, ya sake cirewa.

"Ba tsaki ba ne, Malam. Kwaɗi ne."

Ƙarar kofunan Gwadabe ta tsaya.

"Kwaɗi," in ji Malam Suhaibu a hankali. "Burduddugi? Na sayarwa?"

"A'a. Ƙanana ne, kore. Suna cikin akwatin gilashi da shuka. Shukar ta mai ɗakina ce, marigayiya. An toshe mini taga, shukar tana mutuwa. Haske take so, su kuma sanyi suke so."

"To me suke yi maka?"

"Kuka suke yi da yamma."

Malam Suhaibu ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Gwadabe ya leƙo da kofi a hannu.

"Baba, in kukan kwaɗi kake so ai sai ka kama haya a bakin kwatar Tudun Jukun. Kyauta suke yi, har da amshi."

"Kai Gwadabe, koma kan shayinka, ruwan bunu kawai," in ji Malam Suhaibu. Ya juyo. "Allah ya jiƙan rai, Baba. Da ka faɗa mini tun farko ai da ba mu yi wannan ɓarnar ba. Ni na ɗauka kaji ne."

"Ni ne ban faɗa ba."

Malam Suhaibu ya shiga sauko da kaya yana jerawa a kan kanta. Doguwar fitilar ofis: haskenta fari ne, ba ta da zafi sosai, amma sai da wutar nefa, ita kuwa yau ta wuni gobe ta yi kwana uku ba a gan ta ba. Akwai wata ta musamman da ya taɓa gani a Kaduna wurin masu kifin ado, amma kuɗinta ya kai na ɗan akuya, ga kuɗin mota. Batir da na'urar juya wuta, wannan kam ko zancensa kada a yi da ɗan fansho. Baba Ezekiyel yana ji yana gyaɗa kai, yana ta lissafin abin da ke aljihunsa ba tare da ya taɓa aljihun ba.

Can sai Malam Suhaibu ya tsaya yana kallon teburin Gwadabe. A gefen rumfar an liƙa wata siririyar igiyar fitila mai ƙananan ƙwayoyi farare, irin wadda masu shayi da masu tsire suke sawa.

"Gwadabe, kunna abin nan."

"Da rana tsaka?"

"Kunna dai. Baba, taɓa ka ji."

Baba Ezekiyel ya ɗora bayan hannunsa a kan igiyar, yadda yake gwada kwalba a ɗakin gwaji. Ya bar shi a wurin. Ɗumi kaɗan ne, bai kai na jikin mutum ba.

"Da kamu ake sayar da ita, kuma ba ta da tsada," in ji Malam Suhaibu. "Ina da wani ƙaramin faifan sola na hannu, gefensa ya ɗan fashe amma yana aiki. Mu ɗora shi a kan kwanon rufin ɗakinka, mu ja waya kai tsaye, ba batir ba komai. Rana ta fito, fitila ta kama. Rana ta faɗi, ta mutu. In hadari ya taso ta dushe. Ka ga an mayar maka da tagarka ke nan."

Baba Ezekiyel ya maimaita maganar a ransa. Ya tambayi kuɗin, aka faɗa, ya ga in ya haƙura da nama zuwa ƙarshen wata zai iya.

"Amma sai na zo na gani da idona," in ji Malam Suhaibu. "Ba na sake sayar maka da abu a makance."

Ya zo washegari da hantsi, da tsani a kan babur. Shi ne mutum na farko da ya taka cikin ɗakin tun da aka fitar da benci ƙofar gida. Baba Ezekiyel ya tsaya a gaban akwatin, sannan ya janye zanen ya ninke shi a hankali. Malam Suhaibu ya durƙusa, ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah. Daji guda a cikin kwalba." Ya hau kwano, ya ɗaure faifan, ya zuro waya ta saman tagar. Suka liƙa igiyar a jikin wani katako, Baba Ezekiyel ya nace a ɗaga shi tafin hannu guda sama da murfin. Da aka haɗa wayar, farin haske ya sauka a kan ƙonannun ganye da busasshiyar gansakuka, komai ya fito fili, har ɓarnar ta fi muni a ido.

Baba Ezekiyel ya riga ya dafa shayi, ya wanke kofin Keziya da ya daɗe a kife. Amma Malam Suhaibu ya bar shago ba kowa, ga wani aiki na jiransa a Kwangila. Ya kurɓa sau ɗaya a tsaye don kada ya ƙi, ya ce Allah ya raya, ya ɗaura tsaninsa ya tafi. Dattijon ya zauna da kofi biyu. Ya shanye nasa, ya shanye ragowar ɗayan.

Ya datse ganyen da suka ƙone. Ya kankaro sabuwar gansakuka. Kowace safiya yakan sa tafin hannu a jikin gilashi, ya ji shi da sanyi, sannan ya yayyafa ruwa. Kwaɗin suna fitowa su ci gara su koma, amma ba sa kuka.

Labari kuwa bai tsaya a shago ba, don teburin mai shayi ba ya riƙe magana. Kafin Lahadi ta zagayo, yaran layin sun sa masa Baba Mai Kwaɗi. Matar da ke sayar masa da ƙosai ta fara ajiye masa canji a kan tire maimakon ta miƙa masa a hannu. A coci wani dattijo ya ja shi gefe ya tambaye shi ko yana bukatar a zo a yi addu'a a gidan. Ya ce ƙofa a buɗe take, kowa ya zo ya gani. Ba wanda ya zo. Judith ta bugo waya, muryarta a gajiye.

"Baba, har Jos maganar ta iso. Ba na ce maka ba?"

"Kin ce."

"To yanzu me aka samu?"

Ya dubi akwatin. A ƙasan wani reshe da ya datse, wani ɗan toho ya fito a nannaɗe, kore mai duhu irin na da, kuma ba wajen taga ya nufa ba, sama ya miƙe.

"Shukar mamanki ta yi sabon ganye," ya ce.

Judith ta ce ana kiranta a ɗakin marasa lafiya, za ta sake bugowa.

Ranar da yamma ya zauna a kujerarsa bai kunna rediyo ba. Hasken igiyar ya riƙa raguwa tare da ranar da ba ya iya gani, ya yi ja-ja, ya dushe, ya mutu. Ya tashi ya yayyafa ruwa, ya koma ya zauna. Agogon bango yana ta aikinsa. Can daga cikin ganye, sau ɗaya, cokali ya taɓa kofin gilashi. Ya jira. Wani ya amsa daga wajen kasko. Bai motsa ba har aka kira isha a masallacin layin, tuwonsa ya huce a kwano.

Da safe fitilar ta kama da kanta tun yana wanke fuska. Garar da ke gida ta ƙare. Ya ɗauko gwangwaninsa mai huji a murfi da ɗan guntun ƙarfen da yake tono da shi. Ya miƙa hannu ga baƙar ledar da ya saba ɓoye su a ciki, sai ya bar ta a rataye. Zanen Keziya yana ninke a kan gado, akwatin a buɗe. Ya ja ƙofa.

"Baba Mai Kwaɗi, ina kwana!" in ji wata yarinya daga saman bene.

"Lafiya lau, 'yata," ya ce.

Ya bi gefen kwata ya fita babban titi, gwangwani a hannu, ya nufi layin dogo tun rana ba ta kori gara cikin ƙasa ba.